Doya ta Tafi, Zabi su Dawo

A gidanmu na Didawure, cikin Sokode, da zarar an idar da magariba sai Kaka Ramatu ta jawo kujerarta bakin murhu, ta tura doya cikin garwashi. Mu jikoki mu kewaye ta, ido ɗaya a kan doyar, ɗaya a kan bakinta. Tatsuniyoyinta duk na hanya ne, domin ƙuruciyarta a fatauci ta ƙare.

"Ga ta nan tafe a bayan mota," in ji Kaka.

Mu ce, "Ta sauko mu ji ta!"

Wadda na fi so ita ce ta Asabe, 'yar kasuwar da ta hau babbar mota daga Sokode za ta Dapaong, goye da jaririya. Da aka tsaya a Kara, wata mata 'yar ƙabilar Moba ta shigo da kwandon zabi. Babu wuri, sai ta dire shi a kan ƙafar Asabe. Asabe ta hankaɗe kwandon, ta zazzaga mata masifa da Hausa, ta ƙara da yaren Kotokoli. Matar ba ta jin ko ɗaya, amma fuska ba ta buƙatar tafinta. Ta ɗora kwandonta a cinya.

Kafin su kai Mango mota ta mace a daji, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwana biyu suna nan. Guzuri ya ƙare, nonon Asabe ya ɗauke, jaririya ta yi kuka har muryarta ta dushe. A nan Kaka kan sassauta murya, mu kuwa mu manta da doya.

Sai matar nan ta zaro zabuwa mafi ƙiba. Ba ta yanka da kanta ba; ta miƙa wa direba, ta nuna Asabe, ta nuna alƙibla. Ta dafa romo a tukunyar direban, ta karɓi jaririyar ta goya, ta tsaya a kan Asabe har ta shanye. Da gari ya waye nono ya kawo.

Na ce, "Kaka, Asabe ta ba ta haƙuri?"

"Da wane baki, 'yar nan? Doya ta aika mata. Kowace shekara direbobi su kai doya Dapaong, su dawo da zabi. Shekara ashirin, ko kalma ɗaya ba ta shiga tsakaninsu ba. Tatsuniya dai na sauke ta a tasha, ku tashi ku wanke hannu."

A lokacin na ɗauka darasin shi ne kada ka wulaƙanta baƙo, ba ka san ranarsa ba. Sai da na girma na gane ba shi ke nan ba, lokacin da muka yi faɗa da yayana Salisu, wanda ke zaune a Dapaong, muka shekara huɗu ba ma magana. Harshenmu ɗaya, lambarsa na cikin wayata. Kullum ina tsara abin da zan faɗa, kullum ina gogewa. Wata Asabar na gaji, na tafi tasha na hau bas, ban shirya ko kalma ba. Na iske shi a ƙofar shagonsa yana ɗinki. Ya daɗe yana kallona, sannan ya janye yadin da ke kan benci.

"Zauna, Habiba," ya ce. "Kin sha hanya."