Baturen da Ya Wanke Kwanukan Goggo

Mun tashi da asuba daga Kano, la'asar ta same mu a ƙasa mai tsarki, a masaukinmu na unguwar Misfala, inda kofin shayi ɗaya ya cinye min kuɗin kalacin gida na kwana biyu. Umara ce ta kai ni, amma har da son ganin Goggo, ƙanwar mahaifina. Ta daɗe a unguwar Tandabawi tana sayar da tuwo a ɗakinta, kuma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Bakin mutum ɗaya ya isa a tasa ƙeyarta gida.

Shi ya sa hankalina bai kwanta da wani tsohon Bature Musulmi da ke masaukinmu ba. Yana jin Hausa, wai ya yi koyarwa a Zariya. Kullum sai ya tare ni: a ina ake samun tuwo? Na ce a raina, wannan ɗan leƙen asiri ne.

Na gaya wa Goggo. Ta ce, "Yalla, kawo shi. Ubanmu kukun Turawa ne, na san irinsu."

Na kai shi ɗakinta. Ya zauna a tabarma, ya ci da hannu, ya tattara kwanuka ya hau wankewa. Goggo ta tsaya kansa tana kallo.

"Kai ɗan wa ne?" in ji ta.

Ya ce uwarsa 'yar aiki ce a gidan wasu masu sarauta a Ingila. Ta ƙofar baya take shiga, in uwargida ta taho sai uwar tasa ta juya ta fuskanci bango. Yanzu kuwa, wai jikokin irin gidajen nan har ɓoye asalinsu suke yi.

Da ya fita na ce, "Goggo, kin yarda?"

"Labarin ban sani ba, amma wankinsa na 'yan aiki ne, har gindin tukunya. Kai ne ban gane ba. Zuwanka uku, kana tsaye bakin ƙofa kana kare shaddarka."

Kunya ta rufe ni. Na dawo Kano da kunyar nan, na kuma gane raini ba sai Bature ba. Amma zargin Baturen bai sake ni ba. Kullum da safe nakan kira Goggo a waya, ba na iya karyawa sai na ji ta ɗauka.