Ustaza Jummare da Gurbin Ɗakin Sanyi

Kakan Jummare ya baro ƙasar Haɗeja da niyyar aikin hajji. Da ya iso Gadarif ta ƙasar Sudan sai ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya ƙara guzuri, kuma a nan aka binne shi da furfura. Ɗansa Malam Cindo ya zama ma'auni a kasuwar amfanin gona, yana auna dawa da riɗi. Shi ne ya dage sai 'yarsa ta yi boko, duk da 'yan unguwa na cewa ɗiya mace ko ta karance littattafan duniya murhu za ta koma.

Jummare ta fara aiki ne a matsayin mai buga takardu a wani kamfanin rarraba magunguna, mai kai kaya asibitoci da shagunan magani daga Gadarif har Doka da Shuwak. Daga baya aka mayar da ita sashen kula da ma'aikata. Aikin sashen shi ne ɗaukar mutane, ba su hutu, raba rigimar direbobi da masu lodi, da sallamar wanda ya ƙi ji. Ita ce ta shirya yadda ma'aikata za su riƙa tafiya yankan riɗi bi da bi, domin riɗi ba ya jiran kowa, kuma lokacin ne zazzaɓi ke cika asibitoci. Ita ce ta samar wa masu jego damar fita shayarwa da hantsi. Kowa na kiranta Ustaza. Farin mayafinta kuwa, ko a watan da baƙar lakar Gadarif ke cire wa mutum takalmi, ba a ganin ɗigo a jikinsa.

Da tsohon shugaban sashen ya yi ritaya, sai aka ba ta riƙo. Mudir, wato manajan kamfanin, ya ce zai duba kamun ludayinta kafin a tabbatar da ita, tunda mace ba ta taɓa hawa kujerar ba.

A cikin wannan riƙon ne aka nemi mai kula da ɗakin sanyi, inda ake ajiye alluran rigakafi da maganin masu ciwon suga. Cikin masu nema har da Ummuhani, 'yar Saratu. Zana ɗaya ce ta raba gidan su Jummare da na Saratu, tare suka yi tallar gyaɗa suna yara. Mijin Saratu ya rasu a gonakin Simsim, ita kuwa da alewar riɗi ta riƙe yarinyar har ta gama karatun taimakon masu haɗa magani.

Ana saura kwanaki kaɗan ganawa da masu neman aikin, Jummare ta wuce ta bayan rumfar da direbobi ke shan shayi. Ba su gan ta ba. Ɗaya yana cewa, da Larabci, "Ta ɗauko mana mai lodi daga unguwarsu, yanzu kuma 'yar maƙwabciya. Ku fara koyon Hausa, in ba haka ba albashi zai gagare ku." Aka kwashe da dariya. Ta wuce ba ta juya ba, amma maganar ta bi ta har gida.

Su uku suka zauna ganawar: mudir, Dakta Yusuf babban mai haɗa magani, sai ita. Ummuhani ta shigo, ta yi sallama ga kowa, sannan ta ɗan rusuna ta ce da Hausa, "Ina kwana, Gwaggo."

Jummare ta ji mudir ya ɗago kai. Ta amsa da Larabci, ba ta dubi yarinyar ba: "Zauna. Faɗa mana sunanki cikakke."

Yarinyar ta amsa tambayoyi da kyau, har Dakta Yusuf yana gyaɗa kai. Da aka gama, ya ce shi dai ita ya zaɓa. Mudir ya ce shi wani saurayi daga garin Kasala ya fi kwanta masa, don namiji zai fi iya kokawa da janareta idan wuta ta ɗauke, amma bai kafe ba. Ya juyo ya ce, "Ustaza, ke za ki raba gardama. Ai kin fi mu sanin yarinyar."

Ko da gatse ya faɗa ko da zuciya ɗaya, har yau Jummare ba ta sani ba. Ta dai san abin da ita ta faɗa. Ta ce saurayin Kasala ya fi dacewa.

Da yamma Saratu ta leƙo ta kan zana. Jummare ta buɗe baki, Saratu ta tare ta.

"Kar ki ce komai. Na san kin yi iya yinki. Ke ɗaya tilo a tsakiyar maza, ya za ki yi da su? Rabon yarinya ne ba ya wurin."

Jummare ta bar ta a haka. Bayan wata biyu aka tabbatar da ita a kujera, kuma Saratu ce ta fi kowa guɗa. Ta ɗauki farantin alewa tana bi gida gida tana cewa 'yar'uwarta ta zama shugaba.

Shekaru suka tura. Jummare ta ɗauki mata da yawa aiki, Larabawa da Hausawa da wasu, har da mace ta farko da ta riƙa zagaya asibitoci tana tallata magani. Akan gayyace ta makarantar 'yan mata ta yi musu nasiha, takan je, takan ce su riƙe gaskiya. Idan ta dawo daga irin wannan taro ba ta iya cin abinci. Ummuhani kuwa ta daɗe tana zaune a gida, sannan ta samu aiki a wani ƙaramin shagon magani a Doka, ta auri Ɗahiru mai gyaran tarakta.

Da saurayin Kasala ya samu aiki a Saudiyya ya tafi, gurbin ɗakin sanyi ya sake buɗewa. Jummare ba ta aika ba, da kanta ta hau motar Doka ranar Asabar.

Ta tarar da Ummuhani tana ƙulla wa wani lebura ƙwayoyin zazzaɓi, tana nuna masa da yatsu yadda zai sha.

"Gwaggo, ke ce a Doka? Wa ya mutu?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ba a zuwa ganinki sai an yi mutuwa?"

"To ai ban taɓa ganin farin mayafin nan a wannan lungun ba. Zauna kan kwalin nan, amma fa zai shafa miki ƙura."

Ta aika aka kawo shayi. Jummare ta riƙe kofin, ta ce gurbin nan ya dawo, kuma wannan karon magana a hannunta take.

Ummuhani ta ci gaba da jera kwalabe. Can ta ce, "Wancan karon ma ai a hannunki take."

Jummare ta ajiye kofin a ƙasa.

"Dakta Yusuf ne ya faɗa mini, a satin. Ya tsayar da ni a kasuwa yana ba ni haƙuri, wai shi ya zaɓe ni amma an rinjaye shi biyu da ɗaya. Bawan Allah bai san ya yi ɓaranɓarama ba. Ku uku ne, Gwaggo. Lissafin ba wuya."

"Tsoro na ji," in ji Jummare. "Tsoron a ce na cika kamfani da dangi. Kujerar nake so. Ba ni da wata hujja."

"Na gane tun ina kan kujerar ganawar. Shi ya sa ma na daina zufa, na ce tunda an gama magana bari in amsa yadda na ga dama."

"Ki yafe mini. Ki zo ki karɓi abinki."

"Yafiya na yafe, tun ina da cikin fari, don na ji an ce riƙo yana hana haihuwa sauƙi." Ta yi 'yar dariya. "Aiki kuwa ba zan zo ba. Garejin Ɗahiru yana nan, yara suna makaranta a nan. Lokacin da nake bukatarsa ya wuce."

Jummare ta daɗe tana kallon bakin titi, inda wata lori ke sauke leburori. Sannan ta ce, "To zan faɗa wa Saratu. Na gaji da jin godiyarta."

Nan ne fuskar Ummuhani ta canja. Ta bar kwalaben ta zo ta tsaya a gabanta.

"Wannan kam a'a. Ni da abin ya shafa na rufe bakina duk shekarun nan, ke za ki buɗe? Inna ga hawan jini, ga ido ya fara tafiya. Ke kaɗai ce kika rage mata a unguwar nan. Ke ki sauke kayanki ki huta, ita ta ɗauka? In ta daina shiga gidanki, gidan wa za ta shiga?"

"To ya kike so in yi?"

"Ki ci gaba da karɓar godiyar."

Jummare ta dawo Gadarif da la'asar sakaliya. Tana shiga gida Saratu ta ji motsin ƙofa, ta lallaɓo tana dafa zana.

"Kin gan ta? Ta yarda?"

"Ta ƙi. Ta ce mijinta da yara."

"Kin ji taurin kan ubanta. Ke kuma kin ɓata hutunki kin sha hanya saboda ita. Wallahi ko ciki ɗaya muka fito sai haka. Allah ya saka miki, Jummare."

Jummare ta jawo mata tabarma, ta riƙe hannunta har ta zauna, sannan ta ce, "Amin."