Malama Keturah, Kin Tafi da Amsar Yusrah

Ranar Lahadi, tara ga watan Maris na shekarar 2025, ana tsakiyar sujada a cocinsu da ke Demsawo, Malama Keturah Hosea ta yanke jiki ta faɗi. Kafin keke-napep ya kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne. Ta rasu tana da shekara hamsin da huɗu, ashirin da biyu daga ciki tana malamar ladabtarwa a sakandaren da nake mataimakin shugaba, nan Jimeta.

Malama, an ce ni zan rubuta ta'aziyyarki don na fi kowa daɗewa tare da ke. Sun manta na fi kowa musu da ke. Ni mutumin bulala ne, har yau yara Baba Dorina suke kirana a bayan idona. Ke kuwa fim ɗin katun na Japan kika kawo mana.

Ina tuna ƙarshen shekarar 2014, da Mubi ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya. Cikin sati biyu ajin mutum arba'in ya koma na casa'in saboda 'yan gudun hijira. Faɗa kullum, har hannuna ya gaji da duka. Wata safiya kika shigo ofishina da kwamfutar 'yarki Queen, kika ce in kalli wani abu. Zanen yara ne 'yan makaranta masu manyan idanu, sun ɗaura ƙyalle a damtse, wai su ne kwamitin ladabtarwa. Shugabansu ya ƙwace abincin da aka hana shigowa da shi aji, ya laɓe bayan ƙofa ya cinye, ciki ya murɗe shi a gaban taron makaranta. Kina ta dariya har da hawaye. Na ce miki gari na ci da wuta, ke kina kallon wasan yara.

Ba ki fasa ba. Kika zaɓi ɗalibai shida, uku 'yan gari uku 'yan gudun hijira, da Musulmi da Kirista, kika sa tela ya ɗinka musu jan ƙyalle. Kika kafa musu ƙa'ida: duk ranar zama sai sun kalli kashi ɗaya na katun ɗin kafin a kira mai laifi. Kika ce wanda ya gama yi wa irinsa dariya ba ya yanke hukunci da zafin rai.

Maganar Danny ce ta fara kunyata ni. Yaro ne ɗan Mubi, da an buga ƙarfen tashi sai ya faɗa ƙarƙashin tebur. Na ɗauka iya shege ne, na zane shi sau uku. Ke kika bi shi har inda suka sauka a Bekaji, kika dawo ba ki gaya wa kowa abin da kika ji ba. Kawai dai kwamitin ya roƙi a daina buga ƙarfe. Zango biyu cur su shida suna bi aji aji suna sanar da tashi da baki. Yau Danny ma'aikacin jinya ne, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinki.

Haka kike aiki. Kafin a yanke wa yaro hukunci sai kin taka ƙofar gidansu, kuma abin da kika gano ba kya rubutawa. Kullum kina cewa takarda tana da baki. Mun yaba miki da riƙon amana, babu wanda ya tsaya ya yi tunanin ranar da za a wayi gari ba ki.

To ga ranar ta zo, kuma ita ce ta hana ni sukuni.

Yusrah, 'yar ajin ƙarshe, ita ce shugabar kwamitinki ta bana. Sau biyar cikin wata ɗaya mai gadi ya gan ta tana tsallake katanga ana tsakiyar darasi. Na kira ta, ta ƙi faɗa mini inda take zuwa. Ni na rubuta takardar neman a kore ta, da hannuna, saura sati shida jarrabawar fita. Ranar Juma'a kika tare ni a baranda.

"Malam Nico, ka bari mana," kika ce. "Yaro bai tsallake katanga don katanga ya yi masa daɗi. Gobe zan je Sangere wurin Gogo nata da ke riƙonta. Monday zan faɗa maka abin da za a yi."

Kin je. Maigidanki ya shaida mini kin haye gada cikin zafin ranar Asabar, kin dawo kin kasa cin abinci, kina ta cewa, "Wayyo yarinyar nan." Bai tambaye ki ba, don ya san ba za ki faɗa ba. Litinin ɗin ta same mu muna zaman makoki.

Na buɗe fayil ɗin yarinyar ya fi sau goma. Babu komai ciki sai laifinta da sa hannuna. Tun ranar da kika rasu ba ta sake zuwa makaranta ba. Litinin mai zuwa hukumar makaranta za ta zauna, kuma an ce ni zan hau kujerarki. Ina tsoro, Malama. Ina tsoron in sake dukan wanda ya kamata a lallashe shi, wannan karon kuma babu mai zuwa ta gyara mini.

Ubangiji Ya gafarta miki, Ya ba ki hutu na har abada a gabansa. Ya ta'azantar da maigidanki Hosea, da 'ya'yanki Queen da Virtue, da dangi, da ikilisiyarku, da yaranmu biyar na kwamiti da suka tsaya a bakin kabarinki babu shugabarsu. Ya ba mu haƙurin rashinki baki ɗaya.

Ni kuma masu karatu su sa ni a addu'a. Gobe Asabar zan shiga keke zuwa Sangere. Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa yin sallama a ƙofar gidan ɗalibina ba. Ban san ko Gogonta za ta buɗe wa mutumin da ya nemi a kori 'yarta ba. In ta ƙi, zan zauna a ƙofar har sai ta buɗe.

Nicodemus Joel, Jimeta