Ganye Uku da Baba Ya Bari a Zabid

Ana sallame sallar asuba muka bar Misfala, unguwarmu a Makka, ni da mahaifina, da jaka ɗaya da wani littafin fiƙihu da ya naɗe cikin tsohon rawani. Alhazai sun watse, ɗinki ya yi sauƙi, duk da haka da gunaguni na rufe shagona. Baba ya haura saba'in, idonsa ya fara hazo, amma ya kafe sai ya koma Zabid ta ƙasar Yaman. Can ya yi karatu yana saurayi. Saura ganye uku ya sauke littafin nan gaban malaminsa ya biyo ayarin hajji, da niyyar komawa. Aure ya riƙe shi a Makka, sannan mu. A ƙa'idarsu, wanda bai kai ƙarshen littafi gaban malami ba, ba shi da izinin karantar da shi. Shekara arba'in ke nan in an ce masa malam sai ya ce, "A'a, ɗalibi dai."

Babbar mota ta kai mu Jidda tana jijjiga mu kamar gero a faifai. Daga nan muka shiga jirgin katako mai tafiya da iska. Ni da nake tsoron kada tsoho ya galabaita, ni na kwanta ina amai, shi kuwa yana cin busasshen kifi yana yi mini sannu. A Hudaida muka hau jakuna. Hanyar rairayi ce da zafi mai ɗanko, amma abinci araha ne, gurasar dawa da shayin ɓawon gahawa mai citta a kowane zango.

Zabid gari ne mai ganuwa da ƙofofi huɗu, gidajen tubali shafe da farar ƙasa. Ko ina ka karkata sai ka ji karatu. Kowace makaranta masallaci ce da ɗakunan ɗalibai a gefe. Wannan wani sarkin dā ya gina ta, waccan kuma matar sarki ta gina ta, gonakin wakafi ke ciyar da masu karatu tun kaka da kakanni. Mutanen garin suka ce daga Habasha da Hindu ake zuwa a dā. Wasu makarantun yanzu sun rushe, na ga awaki kwance inda aka taɓa koyar da lissafin gado. Baba, wanda a Makka sai na riƙe masa hannu, a lungunan nan ni ke bin bayansa da sassarfa.

Makarantarsu ƙarama ce. Malamin ya daɗe da rasuwa. Da aka faɗa masa, Baba ya zauna a ƙasa. Tausayinsa ya kama ni, na ji kunyar gunagunina.

Ɗan malamin, shi ma da furfurarsa, shi ke karantarwa yanzu. Ya tambayi labarinmu, ya shiga ciki ya fito da littafin mahaifinsa. Al'adarsu ce malami ya rubuta a gefen shafi inda ya tsaya da kowane ɗalibi. Ya buɗe kusa da ƙarshe ya karanta: "Nan muka tsaya da Takaruri. Ya tafi hajji, zai dawo." Takaruri suke kiran mutanenmu.

"Ga ni na dawo," in ji Baba.

Ya buɗe nasa littafin, amma idon ya ƙi. Ya miƙo mini. "Maza, karanta, ina saurare."

Ni da na gudu daga karatu na kama keken ɗinki. Na riƙa ja da ƙyar ina tuntuɓe, kuma kafin malamin ya buɗe baki Baba ya gyara mini da ka. Ashe ganye ukun nan ya daɗe da haddace su, malami kawai ya rasa. Kafin azahar aka rubuta masa izini.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, na sake yin amaina. Tafiyar ta koya mini cewa ban san mahaifina ba, abin da na ɗauka taurinkai ne ashe alkawari ne. Muna shiga lungunmu wani maƙwabcinmu mai sayar da ful, dafaffen waken Larabawa, ya ɗago kai. "Malam, sannu da hanya."

Na tsaya ina jiran a'a ɗin da na saba ji tun ina yaro.

"Yawwa," in ji Baba. "Mun same ku lafiya?"