Tsayuwar Fanna a Bakin Ƙofa

A shekarun dokar hana fita, tun kafin magariba ake rufe ƙofar gidanmu na unguwar Limanti. Ba lantarki, ba zuwa ko'ina. Idan an sauke tukunyar burabusko sai mu zagaye murhu, Kaka Yagana, mahaifiyar babanmu, ta barbaɗa turare a garwashin, ta miƙe ƙafa. Ni dai tatsuniya ba ta dame ni ba, jan rai ya yi mata yawa. Da Hausarta ta Barebari Kaka ke cewa, "Ku kawo kunne, ga ƙarya mai amfani ta zo."

Wadda ta zauna mini a rai ita ce ta Fanna, mai kawo nono daga wajen Khaddamari. Kullum kafin ta fita sai ta tsaya a bakin ƙofa, ƙwarya a ka, goyo a baya, ta tambayi kanta da ƙarfi: idan wani abu ya tare ni yau, me zan bari? Nono, a ɗauka. Ƙwarya, a ɗauka. Mayafi ma a tafi da shi. Yaron bayana kuwa, sai an bi ta kaina. Sannan ta soke muciya a ɗamara ta kama hanya.

Maƙwabcinta Modu dariya yake mata. Shi wuƙa gare shi a damtse, kube mai ado, ya ɗaure bakinsa da tsirkiya don kada ƙura ta shiga. Bai taɓa zare ta ba.

Ran nan kura ta tare su a hanya. Modu ya tsaya yana shawara: kare ne ko kura? In zare ko in gudu? Yana kici-kicin kwance tsirkiya kura ta kayar da shi. Fanna ta jefa mata ƙwarya, ta ja da baya. Kura ta lashe nono, ta ɗago tana shinshinar ƙafar yaro. Fanna ta kwaɗa mata muciya a hanci, sannan ta zura da gudu da ɗanta a baya.

Na ce, "Shi ke nan? Kaka, don me ba ta ƙarasa ta ba?"

"Ke uwar gaggawa, kisa ta fito yi? Nono ta fito sayarwa. Ɗanta take so ya kwana a gida."

Kaka ta rasu ina aji biyar a sakandare. Bara, da rana tsaka, na hau keke napep a unguwar Bulumkutu. Wani mutum ya shigo ya zauna kusa da ni. Can sai ya ce, "Kawo wayar." Na ba shi. Jaka ma na sakar masa. Amma da direba ya saki titi ya nufi wani lungu mai kangwaye, mutumin ya damƙe mini hannu, sai na ji kaina shiru. Tun ina gida na riga na gama wannan maganar da kaina: kaya a ɗauka, ni kuwa ba mai kai ni inda ba idon jama'a. Gorar ruwa ta ƙarfe ce a ɗaya hannun nawa. Na buga masa a fuska iya ƙarfina, na faɗa waje.

Na karye a wuyan hannu. Masu shago suka taso, keken ya ɓace.

Abin da tatsuniyar ba ta faɗa ba shi ne abin da ke biyo baya. Na yi amai a bakin kwata. Har yau ina jin ƙarar da gorar ta yi a ƙashin fuskarsa, kuma ban san ko idonsa ya tsira ba. Mutane na cewa, "Ke jaruma ce." Haushi suke ba ni. Ba daɗi a dukan mutum, ko ɓarawo ne. Amma a gida na kwana ranar, Umma na zaune a gefena tana riƙe da hannuna mai lafiya, ta ƙi saki har barci ya ɗauke ni.