Wasiƙun Mai Lambun Sarki

Har yau in na buɗe tsohon littafi, warin takardar da ta sha laima ya bugi hancina, sai raina ya ɓaci. Warin jakar Baba ke nan.

A Saint-Fons na tashi, a gefen birnin Lyon, inda hayaƙin masana'antu ke manne wa shanyar Inna a baranda. Karatu ya kawo Baba daga Damagaram, ya ƙare yana awon sinadarai a ɗaya daga cikin masana'antun. Amma hankalinsa yana wani wuri. Wata Lahadi ya sayi tsohon littafi a bakin kogi, ya ci karo da labarin wasu aminai biyu na ƙarni na sha takwas, ɗaya mai tsara lambun sarki kusa da Paris, ɗaya ɗan kasuwar siliki a Lyon. Sun yi shekaru suna rubuta wa juna wasiƙa, suna aika wa juna iri da dashe. Tun daga ranar mutanen nan suka tare a gidanmu. Muna cin tuwo, Baba yana zana mana da yatsa inda aka haƙa tafki da inda aka jera itatuwa.

Duk babban hutu sai ya tafi da ni Paris. A Stains muke sauka, can bayan gari, gidan amininsa tun na ƙuruciya, wanda nake kira Baffa. Direban bas ne. Shi da Hajiyarsa sukan bar mana ɗakinsu su kwana a falo. Da safe Baba ya wuce gidan ajiyar tsoffin takardu, Baffa kuwa ya kai ni kasuwar Barbès ya saya mini takalma, yana dariya: "Ubanki ya tafi gaida matattunsa."

Ina shekara sha uku Hajiya ta yi waya, ta ce an kwantar da Baffa a asibiti, yana ta tambayar Baba. Muka hau jirgin ƙasa. Muna sauka Baba ya ce akwai wani akwatin wasiƙu da ya daɗe yana neman a fito masa da shi.

"Baba, mu fara zuwa asibiti mana."

"Awa biyu kawai, ƴata. Baffanki ya san halina."

A gidan ajiyar takardun ba a barin yara su shiga, sai na zauna a benci a zaure. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Ya fito fuskarsa tana sheƙi, wai ya samo wasiƙar da mai lambun ya rubuta da ya ji amininsa ba lafiya. Lokacin ziyara a asibiti kuwa ya ƙare.

Washegari da hantsi muka tarar da Hajiya a asibiti tana naɗe bargon Baffa, ya riga ya cika. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaida Baba, ta yi masa ya hanya, sannan ta ce, "Malam, jiya wuni ya yi yana kallon ƙofa."

Na yi wata guda ban yi wa Baba magana ba. Inna ta ce ƙaddara ce. Ƙaddarar na yarda da ita, zaman bencin nan ne na kasa haɗiyewa.

Yanzu Baba ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni, ni nake buga masa rubuce-rubucensa a na'ura. Wasiƙun kuma duk an zuba su a intanet, har da na wancan akwatin, ko a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa sai in karanta su a wayata. Kwanan baya ya ce in rubuta a shafin farko na littafinsa cewa ya sadaukar da aikin ga Baffa. Na ce to, amma ya fara kiran Hajiya ya karanta mata da bakinsa.

Har yau bai kira ba.