Magen Inna Ba Ta Jin Hausa

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma yammacin da wani tsohon mahauci ya zaga da ni lungunan cikin garin Rano muna gaisawa da maguna, wannan kam ko na tsufa na ruɗe ba na jin zai fita daga raina.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, ana ta hidimar shari'a, kowane bango an manna masa hoton ɗan takara. Ni kuma sabon malamin firamare ne a Nariya. Ina da babur, ina da biro biyu a aljihun gaba, ina jin duk ƙasar Kibiya babu ya ni. Asalinmu Fulani ne da suka zauna suka kama noma. Shanu sun ƙare tun ina yaro, Fulatanci kuwa ni na ƙarar da shi da kaina. Tun da aka yi mini dariya a makarantar kwana, aka laƙaba mini ɗan Fulanin daji, na ɗaure harshena. In Inna, mahaifiyata, ta yi mini magana da Fulatanci sai in amsa mata da Hausa, har ta gaji ta biyo ni. Matata Bahaushiya ce, 'ya'yana kuwa ko "zo" ba su sani ba da harshen kakarsu.

Bayan rasuwar mahaifinmu yanar ido ta rufe wa Inna gani, sai haske da duhu kawai take bambancewa. A wannan shekarar wata mage ta shigo gidan, fara mai baƙin tabo a kunnen hagu, ƙarshen wutsiyarta a karye. Ɗakin Inna ta zaɓa. Tare suke shan fura, tare suke shan hantsi. In na wuce ta ƙofar ɗakin nakan ji Inna tana ta zuba ita kaɗai, in girgiza kai in ce tsufa ke nan.

Rigimar ta taso ne ranar da na gayyato hedimasta da malamai biyu cin abinci. An soya zabuwa, matata ta ajiye tire a zaure ba ta rufe ba. Muna wanke hannu sai ga magen nan ta faɗo daga katanga, ta suri cinya guda a gaban baƙina, ta haura da ita. Hedimasta ya yi dariya har da hawaye. In ɓera da sata daddawa ma da wari, amma ni a ranar laifin ɓera kaɗai na gani. Washegari da safe na kama ta na jefa a buhun taki, na ɗaure bakin, don an ce in mage ta ga hanya ko Makka ka kai ta sai ta dawo. Na ɗaure a bayan babur, ban tsaya ba sai Rano. Na zazzage ta a gindin tsohuwar ganuwa, na juyo ina jin na yi maganin abu.

Da Inna ta tambaya na ce ƙila wani muzuru ne ya ja ta. Ta ce, "To, Allah ya tsare ta."

Sai dai daga ranar kwanon furarta ya fara dawowa yadda aka kai shi. Ta daina fitowa hantsi. Surutun da nake ji a ɗakin ya ɗauke ɗif. Na sayo maganin ƙarin jini, na kira mai allura, duk a banza. A rana ta tara matata ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Malam, ni dai ba zan iya ɓoye maka ba. Tsohuwar nan ba ciwo take yi ba, ƙarewa take yi. In ka san inda ka kai abin nan, ka je ka ɗauko tun kafin mu yi da-na-sani." Na leƙa ɗakin, na ga Inna a kwance ta juya wa ƙofa baya, wuyan hannunta ya zama kamar sillen kara. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Bayan azahar ina Rano. Na zaga gindin ganuwa ina "mus-mus, mus-mus", ni da babbar riga da biro biyu, mutane suna kallona. Wani mai faci ya tausaya mini ya ce in je rumfar mahauta in nemi tsohon da ke ciyar da maguna, in dai mage ce a garin nan ya san ta, ya san uwarta.

Na same shi yana kankare katakon sara. Gajere ne, baƙi, ɗan yatsansa guda ya guntule. Na gaishe shi na faɗi buƙatata, amma na ce ɓata ta yi. Ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Daga Nariya ta ɓata har Rano? Lallai magenku da mota take yawo. Kai Bafulatani ne ko?"

Na ce, "A'a Baba, Bahaushe ne."

"Da wannan hancin? To, Allah ya ba mu alheri. Jira a yi la'asar, lokacin nake fita."

Muna idar da salla ya ɗauko wata tsohuwar roba cike da guntayen huhu da tarkacen kayan ciki, ya miƙo mini ya ce in riƙe, mai nema shi ke ɗaukar kaya. Muka shiga gari. Na sha zuwa Rano, amma bakin titi da kasuwa kaɗai na sani. Ranar na ga lungunan da ko babur ba ya shiga, da tsofaffin zauruka masu azara, da rijiyoyin da igiya ta yi wa bakinsu zane. Kuma ko'ina muka karya kwana sai ka ga kawuna suna leƙowa daga saman katanga, kamar an yi musu shela.

Kowace da sunanta. A bayan masallaci ya nuna mini wani ƙaton muzuru mai furfura a gemu, yana zaune kan dakali ko motsi ba ya yi. "Wannan Alƙali ne. Ba ya bin kowa, sai dai a kawo masa. In biyu suna faɗa ya ɗaga kai, shi ke nan an tashi kotu." A wajen tsofaffin rijiyoyin marina wani siriri ja ya taho da gudu yana shafa jikinsa a ƙafafunmu, ya karɓi rabonsa ya ɓace. "Kansila ke nan. Ba ka ganinsa sai ranar rabo." Akwai wata mai ido ɗaya a unguwar maƙera wadda ya ce sau uku tana sauya wa 'ya'yanta maɓoya a mako guda, ya hana ni matsawa kusa. Duk da abin da ke cin raina sai da na yi dariya. Matan gida suna jin muryarsa suna gaishe shi daga bayan katanga, wata ma ta ba shi rahoton cewa baƙar nan ta gidan liman ta haihu.

Na tambaye shi me ya sa yake wannan wahala kullum. Ya ce, "Ɗana, tun ban yi gemu ba nake riƙe da wuƙa. Halal ne, ban ce ba. Amma ina so ranar gobe a samu wasu bakuna da za su ce wannan ya ciyar da mu. Kuma ka ji malamai suna faɗin matar da ta shiga wuta saboda mage." Na ji, har na taɓa karantar da yara wannan a aji. Robar da ke hannuna ta ƙara nauyi.

Rana ta yi sanyi sosai lokacin da muka iso wani kango a jikin ganuwa, rufinsa ya rufta, tumfafiya ta fito a tsakar ɗakin. Daga gefe wasu dattawa suna zaune a kan tabarma suna jiran magariba. Tsohon ya rage murya. "Akwai wata baƙuwa a nan, kwananta tara. Ba ta cin komai sai na tafi, sauran kuma korarta suke yi."

Sai ga ta a saman rusasshen bango. Baƙin tabon nan a kunne, karyayyar wutsiyar nan. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Na ajiye roba na matsa ina "mus-mus". Tana ganin fuskata ta yi wani irin huci, ta faɗa cikin wani rami a ƙarƙashin bangon.

Tsohon ya ce, "Ashe kai ne mai buhun."

Ban iya musu ba. Na faɗa masa komai, har da zabuwar, har da kwanon furar Inna. Na zaci zai zage ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai kawai ya tsuguna ya yi nasa kiran, wanda duk magunan Rano suke amsawa. Shiru. Ya jefa huhu a bakin ramin. Shiru. Ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya juyo.

"Tsaya. Ita mai ita, da me take kiranta?"

Sai a lokacin surutun nan da nake ji a ɗakin Inna ya dawo mini a kunne, kalma bayan kalma. Ashe ba sambatun tsufa ba ne. Fulatanci take yi. Duk gidan nan, da ɗanta da surukarta da jikokinta, babu mai amsa mata da harshen da aka rene ta da shi, sai ta samu mage take yi wa. Ita ce na ɗaure a buhun taki na kawo Rano na zubar.

Na ce a hankali, "Da Fulatanci take kiranta."

"To Bahaushe, ka iya ko a nemo mai tafinta?"

Na waiga na dubi dattawan nan, duk sun zuba mana ido. Shekara kusan ashirin ban furta harshen nan a gaban mutane ba. Na cire hulata, na durƙusa da babbar rigata a cikin ƙasa, na kwaikwayi muryar Inna da irin jan da take yi: "War, patu am, war." Wato zo, magena, zo. Muryata ta fito a shaƙe kamar ta sabon zakara. Wani daga cikin dattawan ya tuntsire da dariya. Na sake. A karo na huɗu ko na biyar sai ga farin kai ya leƙo. Ta daɗe tana dubana, ta fito tana ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya, ta shinshina hannuna. Hawaye suka zubo mini, ban damu da wanda ya gani ba.

Tsohon ya leƙa wani gida ya aro kwandon kaji mai manyan idanu. Ya ce, "Ba buhu. Bar ta ta ga hanya, gida za ta." Na sa hannu a aljihu, ya ɗaure fuska ya ce in na fito da wani abu zai saki magen. "Ku Fulani ku yi kiwo mu yanka, haka muka saba. Yau ga shi na yi wa Bafulatani kiwo kwana tara. Je ka, ka gai da tsohuwa."

Na ɗaure kwandon a kan tankin babur, a gabana. Tun daga Rano har gida ina yi mata magana da ɗan guntun Fulatancin da ya rage mini, ina tono kalmomi kamar mai tonon gyaɗa a busasshiyar ƙasa.

Ina buɗe kwandon a tsakar gida ta ruga ɗakin Inna. Kafin in ƙarasa na ji muryar da na kwana tara ban ji ba. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama. Inna tana zaune, magen a cinyarta, tana lalubar kunnenta da wutsiyarta. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. "Makancewa na yi, ban kurumce ba. Na ji kukanta a cikin buhu lokacin da ka tayar da babur."

Sai na ji bakina ya ce, "Inna, mi warti." Wato na dawo.

Hannunta ya tsaya cak a bayan magen. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta miƙo hannu ta lalubo kaina, ta amsa mini da Fulatanci, kuma na fahimci kowace kalma: "Ita kwana tara ta yi. Kai shekara ashirin ina jiranka."

A daren nan ta shanye furarta tas, ta ce a ƙaro. Allah ya ƙara mata shekara shida a tare da mu, kuma a cikinsu ban sake amsa mata da Hausa ba. Tana gyara mini kuskure tana dariya, jikokinta suna kwaikwayonmu har suka iya. Da Babbar Salla ta zagayo na ɗauki huhun ragona na kai wa tsohon nan, muka sake zagaya garin tare, ni ke riƙe da roba. Na yi haka sau uku. A na huɗu na tarar da wani a rumfarsa, aka ce mini ya riga mu gidan gaskiya. Har yau ba na yin addu'a ga iyayena ban sa shi a ciki ba. Allah ya sa bakunan nan da ya ciyar su yi masa shaida, ni ma ina cikinsu.

Abin da na koya shi ne, in ka ga tsoho ya manne wa wani abu da kai kake gani ba a bakin komai yake ba, kada ka yi saurin raba su. Tsaya ka tambayi kanka gurbin wa abin nan yake cikewa. Ni da na tambayi kaina, sai na tarar gurbina ne.